Waɗanda suka koyi jita daga kaset ɗin Tinariwen

Mai koyar da jita, Yamai:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena da ƙannena. Ina roƙon duk wanda ya taɓa riƙe jita, ko ya zauna kusa da masu riƙe ta, ya faɗa mana yadda kiɗan Tinariwen, ƙungiyar makaɗan jita ta Abzinawan arewacin Mali, ya iso gare shi, da kuma abin da ya sauya masa. Dalilin tambayata shi ne yaran da nake koya wa kiɗa kusan dukansu sunayen Bombino da Mdou Moctar, makaɗan jita na Nijar, suke kawo mini, suna so in nuna musu gudun yatsu irin nasu, amma kaɗan ne a cikinsu suka san ƙungiyar da ta share wannan hanya tun kafin a haife su. Abin da ke rubuce kowa zai iya samunsa: Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya kafa ƙungiyar, da abokansa sun fara haɗuwa a Tamanrasset ta Aljeriya a 1979, suka bi ta sansanonin Libiya, wasunsu suka shiga tawayen arewacin Mali na 1990, daga baya suka ajiye bindiga, har suka karɓi kyautar Grammy a 2012. Abin da nake nema shi ne abin da ku da kanku kuka ji, kuka kuma gani.

Tsohon direba, Arlit:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ni ban iya kaɗa jita ba, amma na daɗe ina ɗauke da wannan kiɗa a cikin mota, domin na yi tuƙi tsakanin Agadez da Arlit da Tamanrasset tun daga ƙarshen shekarun 1980. A lokacin ba mu ma san sunan Tinariwen ba. Kiɗan ishumar muke cewa, wato na samarin Abzinawa waɗanda farin 1973 da na 1984 ya raba da dabbobinsu, suka bazu a Aljeriya da Libiya suna neman aikin leburanci. Kaset ɗin ba shi da hoto, ba shi da sunan mawaƙi, kuma idan ka saurara da kyau za ka ji iska da ƙarar kofunan shayi da tarin wani a bayan waƙar, saboda a tsakiyar mutane aka ɗauke shi da rediyo. Mai rediyo mai gida biyu shi ne babban mutum a unguwa, don shi ne ke kwafa wa kowa, kuma kafin kaset ya iso Arlit an riga an kwafe shi daga kwafi sau da yawa har muryar ta dushe.

Bayan kisan da sojoji suka yi wa Abzinawa a Cintabaraden a watan Mayun 1990, riƙe irin wannan kaset ya zama haɗari. Mukan rubuta sunan wani mawaƙin Hausa a jikinsa, mu cusa shi cikin sauran, saboda idan aka same shi a wurinka a shingen hanya, tambayoyin da za su biyo baya ba su da daɗi.

Amma abin da ka tambaya shi ne tasiri, kuma wannan na gan shi a kan yaron motata. Yaro ne Bahaushe ɗan Tawa, ba ya jin Tamashek, harshen Abzinawa, ko kaɗan, amma kiɗan ya kama shi har ya sami gwangwanin mai da sanda da wayar birkin keke ya haɗa abin kaɗawa. Idan muka yada zango da dare, sai ya sa kaset, ya saurari ɗan guntu, ya ciro shi ya mayar da shi baya da biro don kada batir ya ƙare, ya sake saurara, ya gwada a kan wayarsa. Sai da shekaru suka wuce na ji cewa shi kansa Ibrahim da gwangwani da wayar birki ya fara, haka ma Mdou Moctar. Yaron ya bar aikin mota daga baya ya shiga kiɗan biki a Agadez, kuma bai taɓa zama gaban wani malamin kiɗa ba.

Makaɗin biki, Agadez:

Baba direba, Allah ya ƙara girma, ka faɗi gaskiya game da kaset. Ni ma haka na koya, kuma zan so in yi wa malamin Yamai bayanin abin da muka ɗauka daga gare su dalla-dalla, tunda da shi nake cin abinci. Abu na farko shi ne babban yatsa. A kiɗan Tinariwen babban yatsa ba ya hutawa, yana dukan babbar tsirkiya a kan sauti guda daga farkon waƙa har ƙarshenta, sauran yatsu kuma suna fitar da karin waƙar a ƙananan tsirkiyoyi, har mutum ɗaya ya zama kamar makaɗa biyu. Wanda ya san molo zai gane wannan nan take, domin Abzinawa suna da nasu molon mai suna tehardent, kuma abin da Ibrahim ya yi shi ne ya ɗora hannun molo a kan jitar lantarki. Abu na biyu shi ne amshi: mutum ɗaya ya bayar, jama'a su karɓa da tafi. Takun kiɗan kuwa irin tafiyar raƙumi ne, ba gaggawa.

Sai dai ina da gyara guda, kuma ina yin sa da girmamawa. Mu a nan Nijar ba daga Tinariwen kai tsaye muka sha ba, akwai wanda ya tsaya a tsakani, shi ne marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020. Shi ma ya yi zaman gudun hijira a Aljeriya da Libiya, waƙoƙinsa ma an haramta su a lokacin tawaye, kuma bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995 ya dawo gida ya riƙa wasa a fili yana koya wa yara. Mdou Moctar ya sha faɗa cewa ganin wasan Abdallah ne ya sa shi sha'awar jita. Idan aka ba Tinariwen ladan komai aka manta da shi, an ci haƙƙinsa.

Kuma mu ba mu bar kiɗan yadda muka same shi ba. Biki yana da hukuncinsa: an kafa tanti, an tayar da janareta, 'yan mata sun yi kwalliya, ba wanda zai zauna ya saurari waƙar kewa mai sanyi har tsakar dare. Dole muka ƙara sauri, muka shigo da gangunan Turawa a madadin ƙwarya da tafi kaɗai, muka buɗe lasifika har jita ta riƙa kuka. Kaset ɗin Dire Straits, ƙungiyar kiɗa ta Birtaniya, ma ya yi yawo sosai a wajenmu, kuma Bombino ya faɗa cewa lokacin da yake yaro a gudun hijira ya riƙa kallon bidiyon Mark Knopfler, makaɗin jitar wannan ƙungiya, da na Jimi Hendrix yana kwaikwayo. Wanda ya saurari Etran de l'Aïr, waɗanda suke kiɗan biki a garin nan tun 1995, zai ji tushen Tinariwen a ƙasa, amma abin da aka gina a kai na Agadez ne.

Mai tura waƙoƙi, Sakkwato:

Yayana na Agadez, bayaninka ya warware mini abin da na daɗe ina gani ban fahimta ba. Ina da rumfar cajin waya da tura waƙoƙi kusa da tasha, kuma 'yan Nijar da ke shigowa ta Ƙonni da Illela su ne suka fara kawo mini wannan kiɗa a cikin memori, sunayen waƙoƙin duk a cakuɗe. Mu nan ta baya muka shiga, domin na jikoki muka fara ji kafin na kakanni. A nan Sakkwato Mdou Moctar ya ɗauki faifansa na farko a 2008, aka sarrafa muryarsa da kwamfuta kamar yadda ake yi wa waƙoƙin fina-finan Hausa, aka sa masa gangar inji. Waƙoƙin suka bi wayoyi ta bulutut har Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley na kamfanin faifai na Sahel Sounds, ya ji ɗaya ya shiga neman mai ita. Akwai samarin situdiyo da suke zuwa rumfata su ce in zuba musu kiɗan jitar Agadez don su kwaikwayi karinsa a fiyano, kuma idan na haɗa musu da na Tinariwen sukan dawo su ce wannan ya yi musu sanyi, amma a cikinsa suka fi gane inda kowane sauti ya faɗa.

Malamar makaranta, Abalak:

Ina gaida iyayena maza, amma har yanzu ba wanda ya ambaci mata, alhali kiɗan da Tinariwen suka ɗora a kan jita yawancinsa daga hannun mata ya fito. A wajen Abzinawa mace ce ke kaɗa tende, wato turmin da aka rufe bakinsa da fata, mace ce kuma ke goga imzad, wanda yake ɗan'uwan goge ne. Na tashi ina jin kakata da ƙawayenta suna tende, kuma ranar da na fara jin kaset ɗin a rediyon yayana, abin da na gane nan da nan shi ne tafin da amshin, don namu ne. Wannan ya ba ni ƙarfin halin ɗaukar jitarsa idan ya fita. Mahaifiyata ba ta so ba, tana cewa jita kayan samari ne masu yawo, kuma sai da ta ji na fitar da wata tsohuwar waƙar tende a kai sannan ta daina hana ni, ko da yake ba ta yarda in yi wasa a gaban jama'a ba.

Shi ya sa fitowar Fatou Seidi Ghali da ƙungiyar Les Filles de Illighadad a 2016 ta yi mini daɗi ƙwarai. Ita ma da jitar ɗan'uwanta ta koya, ƙauyensu kuma yana yankinmu. Sun mayar da jita kusa da turmi, inda kiɗan ya samo asali, kuma yanzu ina da ɗalibai mata da suke tambayata ina ake sayar da jita ba tare da jin kunya ba.

Ɗalibi, Faransa:

Hajiya malama, na gode da wannan. Ni a nan Turai na fara ganin Tinariwen ido da ido, kuma mafi yawan masu kallo ba su jin kalma ɗaya ta waƙar. Ƙungiyar Tamikrest da aka kafa a Kidal a 2006, da Imarhan ta Tamanrasset, dukansu suna samun dandali a nan ne saboda Tinariwen sun riga sun buɗe ƙofa tun bayan bikin kiɗan hamada na farko da aka yi a arewacin Mali a 2001. Abokin karatuna Bafaranshe da ke da ƙaramar ƙungiyar rock ya nemi in koya masa wannan dukan babban yatsa, kuma abin da ya fi ba shi wuya shi ne ya tsaya a kan sauti guda bai sauya ba.

Tsohon direba, Arlit:

Ɗana na Agadez, na karɓi gyaranka game da Abdallah, Allah ya jiƙansa. Amma akwai abin da ke damuna. A zamaninmu idan aka sa kaset ɗin nan, fasinjan da ke jin Tamashek yakan yi shiru, wani ma ya ja rawani ya rufe fuska, saboda ana maganar mahaifiyar da aka bari, da rijiyar da ta ƙafe, da ƙasar da ba a iya komawa. Ibrahim yana ɗan shekara huɗu aka kashe mahaifinsa a tawayen arewacin Mali na 1963, kuma wannan yana cikin muryarsa. Yaran yanzu sun ɗauki yatsun, ina tsoron ko sun bar maganar.

Makaɗin biki, Agadez:

Baba, tsoronka yana da tushe, don akwai daren da nake wasa in ga ba wanda ya damu da abin da nake faɗa. Amma maganar ba ta mutu ba. Lokacin tawayen 2007 an hana mu kaɗa jita a fili, Bombino ya gudu Burkina Faso bayan an kashe abokan kiɗansa biyu, kuma ba don gudun yatsu aka yi haka ba, don abin da jita ke faɗa ne. A 2012 masu iƙirarin jihadi sun haramta kiɗa a arewacin Mali, har 'yan Tinariwen suka koma ɗaukar faifai a ƙasashen waje. Mdou Moctar kuma a yau yana waƙa a kan yuraniyom ɗin Arlit da ake kwasa alhali garuruwanmu suna cikin duhu, kuma kai ka fi ni sanin wannan hanya.

Malam na Yamai, ga shawarata game da yaranka. Kada ka fara musu da Mdou. Ka ba su tsohon kiɗan Tinariwen, ka sa su riƙe babbar tsirkiya da babban yatsa kawai, wani yana tafi a gefe, har sai sun iya yin hira ba tare da yatsan ya kuskure ba. Bayan haka ka nemo mai jin Tamashek ya fassara musu waƙar da suke koya, sannan ka bar su su shiga ƙananan tsirkiyoyi.