Ta yaya ake gane bidiyon WhatsApp tsoho ne ko sabo?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Jama'a, da zarar an ce gobara ta tashi a kasuwar Kantin Kwari ko ta Singa, kafin ka ce kwabo bidiyo ya cika wayoyi, daga baya kuma a ce wasu ba ma a Kano aka ɗauka ba. Yaya mutum zai tantance kafin ya tura?

Malamin Kwamfuta:
Wa'alaikumus salam. Ka tsayar da bidiyon a wuri uku ko huɗu, inda gini ko allon shago ya fito sosai, ka ɗauki hoton fuskar wayarka, ka yanke gefe-gefen da ke da rubutun WhatsApp. Sai ka saka kowane hoto a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Shafin binciken hoto na TinEye ma yana da amfani, domin yana iya jera sakamako daga mafi tsufa. Idan hoton ya bayyana a wani shafi tun 2016, magana ta ƙare. Amma fa rashin samun komai ba shaida ba ce cewa sabo ne. Masu yaɗa ƙarya kan juya bidiyo hagu ya koma dama, ko su rage ingancinsa, sai binciken ya kasa kama shi.

Hajiya Ta Gwale:
Malam ya yi bayani. Ka kuma duba cikin bidiyon da idonka, ɗan uwa. Akwai adaidaita sahu mai ruwan ɗorawa? Lambar motocin ta Najeriya ce? Wane harshe ake ji a bayan fage? An ce jiya ne, muna tsakiyar hunturu, amma ƙasa jiƙe take da ruwan sama? Kuma kibiya biyu a saman saƙo tana nufin an yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu aƙalla sau biyar, mai yiwuwa wanda ya turo maka bai san tushensa ba.

Abban Khadija:
Saƙon murya ya fi bidiyo haɗari, don babu abin da za ka bincika. A Agustan 2014 an yaɗa jita-jitar cewa shan ruwan gishiri da wanka da shi na kare mutum daga Ebola, har aka rasa rayuka. In gobara ce, ka kira wanda ke da shago a layin, ka saurari Freedom Radio, ka duba BBC Hausa ko shafin tantance labarai na Dubawa. Wanda ya turo kuma ka tambaye shi: kai ka ɗauka, ko turo maka aka yi?