Mata sun gaji da "a kawo, a kawo": ta yaya za mu gyara bayarwa a Zumuntar Mata?

Maman Tagwaye:
Salama, iyayena da 'yan'uwa. Zumuntarmu mata arba'in ne da 'yan kai, yawanci manoma da masu ƙananan sana'o'i. Kullum sanarwa ce: kuɗin anko, kuɗin taro, kuɗin gaisuwa. Ana bayarwa, amma fuska a ɗaure, kamar ana biyan haraji. Muna so mu fara taimakon gwauraye da marayu ta hanyar da kowace mace za ta ji aikin nata ne. Daga ina ake farawa?

Uwar Zumunta:
'Yata, ku fara da hatsi, ku ɗan ajiye maganar kuɗi. Macen da ba ta da naira ɗari biyar ranar Lahadi tana da masara a ɗaki. Matan Mizoram a arewa maso gabashin Indiya sun fara irin wannan tun 1910: duk lokacin da mace za ta ɗora tukunya sai ta ware dintsin shinkafa ɗaya domin aikin Ubangiji. Da shi suka riƙa ɗaukar nauyin mata masu kai bishara, har yau kuma ana yi.

Kowace ta samu roba mai murfi ta ajiye kusa da murhu. Dintsi ɗaya kafin a kai niƙa ko a ɗora girki, a kawo sau ɗaya a wata ranar zumunta. In kowace ta kawo tiya guda, mata arba'in sun cika kusan babban buhu a wata, wajen buhu goma sha biyu ke nan a shekara. Kada a auna na kowa a gaban jama'a, a zuba kawai: masara wuri ɗaya, dawa wuri ɗaya, wake wuri ɗaya. Da zarar an fara cewa wance ta kawo tiya uku, wance rabi, kun koma harajin da kuke gudu. 2 Korintiyawa 8:12 ta ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi. Kuma kowace ta sanar da maigida tun farko, kada hatsin sadaka ya jawo rigima a gida.

Malamar Gona:
Mama ta faɗi gaskiya, sai dai tarawa ba ita ce wahala ba, ajiya ce. Hatsi daga gidaje arba'in ba ya zuwa da bushewa iri ɗaya, wani ma da ƙwarinsa yake zuwa. Tiya ɗaya mai danshi ta isa ta sa buhu ya yi fumfuna. A sheƙe, a shanya a kan tamfol, sannan a gwada: a zuba hatsi kaɗan da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a girgiza, a bari ya ɗan zauna. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar rana.

Ku sayi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. A duba ledojin ko da huda, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwari rashin iska ke kashe su, ba a buƙatar magani. Abu biyu ke ɓata shi: ɓera da yawan buɗewa. Saboda haka a ɗora a kan katako, nesa da bango, wanda ake ɗiba kullum kuma a ware shi daban. Don Allah kada a sa ƙwayar maganin ƙwari a ɗakin da mutane ke kwana, hayaƙinta yana kisa. Wake ya fi komai saurin lalacewa, shi za a fara rufewa.

Rabo kuma ku riƙe mafi yawansa sai Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma hatsi ya yi tsada. A Kirsimeti kowa na tuna gwauruwa, da damina ne ake mance ta.

Ma'ajin Gunduma:
Ni ban yarda a ajiye maganar kuɗi gefe gaba ɗaya ba. Kuɗin makarantar maraya da na asibiti ba a biyan su da dawa. In hatsi ya yi yawa a sayar da kashi ɗaya, amma da sharaɗi: mutum biyu ke ƙirga, a rubuta a littafi nan take, asusun banki da sunan zumunta, sai da sa hannun mutum biyu cikin uku kuɗi zai fita. Kada ya kwana a asusun mutum ɗaya, ko da matar fasto ce. Kare sunanta ne ma. Bulus kansa ya haɗa Titus da wasu 'yan'uwa a kan gudummawar Urushalima don kada a sami abin zargi, duba 2 Korintiyawa 8:20-21. Kada kuma a haɗa shi da adashe ko a fara ba da bashi daga ciki. Ranar da gwauruwa ta zo da buƙata za a tarar kuɗin na hannun mutane. Duk wata uku a karanta rahoto: abin da ya shigo, abin da ya fita, gidaje nawa suka amfana, ba tare da kiran suna ba.

Uwar Zumunta:
Haka ne, Ma'aji. Saura abin da 'yata ta tambaya a ƙarshe, yadda mace za ta ji aikin nata ne. Kada shugabanni huɗu su riƙe komai. Ku raba mata ƙungiya-ƙungiya, uku zuwa biyar: masu ziyara, masu ajiya, masu ɗinki, masu zaman jinya, masu bin karatun marayu. Kowace ta yi wata uku a wuri ɗaya, in bai karɓe ta ba ta canza, ba kunya. Za ku ga wadda ba ta buɗe baki a taro ita ce gwanar zama da mai makoki, wata kuma lissafi ne baiwarta. Dokas a Yafa da allura ta yi hidima, shi ya sa gwauraye suka nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka.

Jerin masu karɓa ku yi shi tare da dattawa, a sabunta kowace shekara. Gunagunin farko a ikilisiya, a Ayyukan Manzanni sura 6, kan gwaurayen da ake tsallakewa wajen rabo ne. Mutum biyu su kai kaya har gida da yamma, ba a kira mace gaban majami'a a ɗauke ta hoto da buhu.

Maman Tagwaye:
Na gode, iyayena. Zan kai wa kwamiti ranar Talata. Malama, buhun PICS ɗin ana iya sake amfani da shi baɗi?

Malamar Gona:
Ana yi, muddin ledojin ba su huje ba. A hura musu iska a matsa a gani kafin a zuba. Wadda ta huje a mayar da ita ta ɗibar yau da kullum.