Terroir da Hausa: a taimaka kafin Juma'a

Binta Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. An ba ni fassarar rahoton rediyo kan manoman inabi na Faransa da Italiya da yadda sauyin yanayi ke taɓa sana'arsu, ranar Juma'a kuma za a naɗa. Kalma ɗaya ta tsaya min a wuya: terroir. In Bafaranshe ya faɗe ta, yana nufin ƙasar gonar, da gangarenta, da yadda rana ke bugunta, da ruwan saman da take samu, har da salon noman da mutanen wurin suka gada, duka a dunƙule. Wai su ne ke sa inabin wannan gona ya bambanta da na maƙwabciyarta. Na sa "yanayin ƙasa" na goge, don rahoton cike yake da "sauyin yanayi", mai sauraro zai rikice. Akwai kuma appellation, amma a fara da ta farkon.

Lawal Gusau: Wa'alaikis salam. Albarkar ƙasa.

Binta Mai Fassara: Na yi tunaninta, Yaya Lawal. Da an ji ta a rediyo sai hankali ya tafi man fetur da zinare.

Dakta Hadiza: Kin yi daidai da kika goge "yanayi", akwai ma tarko a gabanki. A yankin Burgundi na Faransa, kowace 'yar gonar inabi mai sunanta da iyakarta climat ake ce mata, ba ruwanta da zafi ko sanyi. Guda 1,247 ne UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. Romanée-Conti ɗaya ce daga ciki, ba ta kai hekta 2 ba. Kusa da ita akwai La Tâche, gida ɗaya ke noma su, inabi iri ɗaya ne, pinot noir, amma kwalba daban, suna daban, farashi daban. Wannan bambancin suke kira terroir. Ni "halin ƙasa" zan ce.

Lawal Gusau: Dakta, "halin ƙasa" ai labaran ƙarfe bakwai ne. Halin da ƙasa ke ciki, tsadar rayuwa da sauransu.

Malam Sabo Zariya: Duk kuna kewaye ne. Harshe yana da injin ƙera kalma, ku bar haɗa biyu kamar masu ɗinkin faci. Mutum, mutuntaka. Aboki, abokantaka. Ƙasa, ƘASANTAKA: abin da ƙasa ke sa wa amfanin da ya fito daga cikinta. Kalma ɗaya tak, kamar yadda ta Faransancin take ɗaya, ita ma daga terre ta fito, wato ƙasa. An gama.

Ladi Jos: Allah ya gafarta Malam, in mai karanta labarai ya yi sauri, "ƙazantar inabin Faransa" za a ji.

Malam Sabo Zariya: Wannan laifin kunnen mai ji ne, 'yata, ba na kalma ba.

Abu Huzaifa: Ni abin da ban gane ba, me ya kai mu ga ƙawata wa giya suna? Abin da aka haramta ne kuka zauna kuna nema masa kalma mai daɗi.

Binta Mai Fassara: Malam, rahoton noma ne da tattalin arziki, ba talla ba. Akwai ɓangaren sanyin watan Afirilun 2021 da ya ƙone tohon inabi a Faransa, manoma suna kwana suna kunna wuta tsakanin kunyoyi. Kuma ban ɓoye komai ba, "giyar inabi" na rubuta ɓaro-ɓaro.

Ladi Jos: Mu a coci "ruwan inabi" muke cewa, tun kakanni.

Binta Mai Fassara: Na sani, Anti Ladi, amma mai sauraro a Kano zai ɗauka lemon kwali ne. Giyar inabi ta fi fitar da kowa daga shakka, har da Malam Abu Huzaifa.

Abu Huzaifa: To, in dai an kira ta da sunanta. Allah ya tsare mu.

Isuhu Ɗan Galmi: Ku ba mu wuri, mu da munka yi lakkwal da Faransanci. Terroir ba ta giya ɗai ta ba, ana hwaɗinta ga cuku da kofi da zuma. Albasar Galmi ma da ita aka yi mata takarda a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka, kamar masoron Penja na Kamaru. Kai irin Galmi wani wuri ka shuka, albasa za ta hito, amma ɗan kasuwa ya san ba ita ba ce. Manomi nan abin da yake cewa shi ne "ƙasar ta karɓe shi". Ban taɓa jin wanda ya ce ƙasantaka ba, kuma ba ni ji.

Malam Sabo Zariya: Kafin a ƙirƙiri "yanar gizo" wa ya taɓa jin ta? Yau ga ta a bakin kowa.

Isuhu Ɗan Galmi: "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" hwa? Kowa kwamfuta yake cewa. Ku 'yan bokon Najeriya haka kuke, a zauna ofis a ƙera kalma, a ce ita ce daidaitacciya, mu na Arewa mu bi. Wane ne ya ce Hausar Kano ta hi ta Adar?

Malam Sabo Zariya: Na farko, ni Bazazzagi ne. Na biyu, mutumin da ke cewa lakkwal da mushe da kamiyo ba shi zai koya min tsarkin harshe ba.

Isuhu Ɗan Galmi: Mai cewa furamare da tebur da direba ne ka magana!

Lawal Gusau: Kai jama'a, yarinya na da aiki ranar Juma'a.

Dakta Hadiza: Malam Sabo, matsalata da ƙasantaka ba sautinta kaɗai ba ne. Ta bar mutum a waje, ta kuma nuna kamar abin daga Allah yake tsaye ba ya motsi. A shekarun 1860 wani ƙwaro daga Amurka, phylloxera, ya shiga cin saiwar inabi a Faransa har ya kusa ƙarar da gonakin. Abin da ya cece su shi ne aure, irin wanda ake yi wa mangwaro: aka ɗora reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka. Har yau kusan duk gonakin da suke alfahari da terroir ɗinsu a kan baƙuwar saiwa suke tsaye. Ka ga da hannun manomi dumu-dumu a ciki. Shi ya sa na janye "ƙasa", na koma "halin gona". Ƙasa tana nan ko ba kowa, amma ba a cewa gona sai an nome ta. Hali kuma ya haɗa na haihuwa da na tarbiyya.

Ladi Jos: "Halin gonar ne ya sa." Ya zauna a baki.

Isuhu Ɗan Galmi: Wanga manomi zai gane ta. Sai dai terroir wani lokaci yanki ne gaba ɗai, kamar allin da ke ƙarƙashin ƙasar yankin Shampan na Faransa, ba gona guda ba.

Dakta Hadiza: A nan sai ta ce "halin gonakin yankin". Tsawon bai yi yawa ba.

Malam Sabo Zariya: Kalma uku a maimakon ɗaya. Haka muke mayar da harshenmu mai bayani kullum, ba mai suna ba.

Binta Mai Fassara: Appellation fa? Kar lokaci ya ƙure a kan guda.

Lawal Gusau: Ba ita ce terroir ɗin ba a takarda?

Dakta Hadiza: A'a, kar ki haɗa su. Appellation doka ce. Bayan annobar ƙwaron nan jabu ya cika kasuwa, ana sayar da giyar ko'ina da sunan fitattun yankuna, har Faransa ta kafa tsarin kare sunayen yankuna, AOC, a 1935, Châteauneuf-du-Pape na cikin na farko da suka samu a 1936. Doka ce ke faɗin iyakar yanki, da irin inabin da za a shuka, da yawan abin da za a girba a hekta. Italiya ta yi nata, DOC, a 1963, ko da yake tun 1716 Cosimo na Uku, mai mulkin Tuskani a Italiya, ya shata iyakar yankin giyar Chianti. In kina son ganin inda doka da gona suka raba hanya, dubi giyar Sassicaia ta gidan Tenuta San Guido a Bolgheri ta Italiya. Sunan daga duwatsun gonar ya fito. Da cabernet, inabin Faransa, aka yi ta, dokar lokacin ba ta san da zamanta ba, sai aka riƙa sayar da ita a matakin giyar gama-gari duk da tsadarta. Sai a 1994 doka ta biyo ta. Halin gonar yana nan tun farko, takardar ce ta makara.

Ladi Jos: To "shaidar asali".

Lawal Gusau: Wannan ai takardar ƙaramar hukuma ce ta neman aiki. "Hatimin asali" ya fi.

Isuhu Ɗan Galmi: Ba hatimi ba ne, suna ne. Barolo ta Italiya suna ne, Shampan suna ne, wanda ba ɗan wurin ba bai da ikon sa shi ga kwalbarsa. "Sunan asali."

Malam Sabo Zariya: Asalantaka.

Ladi Jos: Malam!

Binta Mai Fassara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga yadda zan yi: karon farko zan ce "abin da Faransawa ke kira terroir, wato halin gona", daga nan sai halin gona kawai. Appellation zan sa "sunan asali da doka ta kare" sau ɗaya, sauran wuraren in faɗi sunan yankin in wuce. Edita ya ce shi hatimi ya fi kwanta masa, sai mun zauna gobe.

Malam Sabo Zariya: Ki sa halin gonarki, ba zan hana ba, don rediyo ne. Amma a ƙamus ba za ta shiga ba, kuma ni ƙasantaka zan ci gaba da koya wa ɗalibaina.

Isuhu Ɗan Galmi: Allah shi ba ɗaliban haƙuri.