Neman shawara: sunayen tebur sun hana ni sakat a MySQL

Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni kula da rumbun bayanan wata makaranta mai zaman kanta a Anguwan Rogo, nan Jos, a kan MySQL, manhajar adana bayanai a tebur-tebur. Wanda ya gina shi ya bar aiki. Akwai tebur mai suna `order`, akwai `Kuɗin Makaranta` da tazara a tsakiya, sannan kowace shekarar karatu da nata: `dalibai 2021-2022`, `dalibai 2022-2023`. Ina rubuta SELECT, umarnin ɗauko bayanai, sai kuskure 1064, wai rubutun umarnin bai yi daidai ba. Da muka kwashe komai daga kwamfutar ofis mai Windows zuwa saba (kwamfutar da ke riƙe rumbun) mai Linux, sai 1146 ya ƙaru, wai babu teburin Malamai, alhali ina ganinsa da idona. In sauya sunayen ne, ko in lallaɓa haka?

Wani ɗan uwa daga Bukuru:
Wa alaikumus salam. ORDER kalma ce da SQL, harshen ba rumbun umarni, ya keɓe wa kansa, ita ce ta ORDER BY mai jera sakamako. Tazara tana raba suna gida biyu, 2021-2022 kuma lissafin ragi yake gani. Ka sa sunan tsakanin alamar nan ta maɓallin da ke ƙarƙashin Esc: SELECT * FROM `order`. A sauran manhajojin rumbun bayanai, PostgreSQL alamar zance mai biyu yake so, SQL Server kuma baka mai kusurwa.

Wata malama daga titin Bauchi:
Malam, batun 1146 daban ne. A Windows, saitin lower_case_table_names na MySQL yana kan 1, wato ana adana sunaye da ƙananan baƙaƙe. A Linux yana kan 0, don haka `Malamai` da `malamai` ba abu ɗaya ba ne. A MySQL 8.0 ba a sauya wannan saitin bayan an kafa saba. Ka gyara rubutun manhajar zuwa ƙananan baƙaƙe kawai.

Wani dattijon sana'a daga Rikkos:
Yarona, duk abin da suka faɗa daidai ne, amma ɗaurin tsumma ne a kan famfo mai yoyo. Abin da ya fi damuna teburan shekara-shekara. Shekara bayani ce, wurinta cikin tebur, ba a sunansa ba. Ran da shugaban makaranta ya ce ka kawo tarihin yaro ɗaya tun aji ɗaya, za ka yi ta UNION, wato haɗa sakamakon tebur bayan tebur. Kuma tunda ba a iya tura sunan tebur ta alamar tambaya (?) a shiryayyen umarni (prepared statement), hanyar da ke kare SQL daga kutse, ina kyautata zaton manhajar tana liƙa shekarar ne kai tsaye cikin SQL, ƙofar kutse kenan.

Ka fara ajiye kwafi da mysqldump. Ka haɗa teburan shekarun a tebur ɗaya `dalibai` da gurbin shekara. Sauran: RENAME TABLE `order` TO oda, sannan ka yi VIEW, wato tagar da ke nuna teburin, da tsohon sunan don manhajar ta ci gaba da aiki. Amma duba procedures da triggers, umarnin da aka ajiye cikin rumbun, da hannu, sunan da ke cikinsu ba ya sauya kansa. Ɗ da ƙ kuwa, ina son harshenmu, amma a bar su cikin bayanai, ba a sunan tebur ba. Wata rana wani zai nemi rubuta su a allon maɓallan da ba shi da su.

Mai tambaya:
Na gode, Baba. Na duba, haka ne, liƙa shekarar ake yi. Zan yi aikin a hutun zango, lokacin da ba a karɓar kuɗi.

Malama daga titin Bauchi:
Kafin hutun, ka sa manhajar ta riƙa karɓar shekarun da ka jera mata kawai, ta ƙi sauran.