Za a mayar da ni tagar lasisin aure a wurin aiki, ina neman shawararku

Maman Biyu:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena, ya gida ya sanyi? Wata magana ce ta hana ni barci yau sati biyu, na ce bari in kawo ta nan.

Shekarata uku ina aiki a ofishin magatakardar wata gunduma a nan Amurka. Ku yi mini afuwa, ba zan faɗi sunan wurin ba. Ɓangaren takardun filaye da gidaje nake, daga ni sai kwamfuta da na'urar kwafi. To matar da ke riƙe da tagar lasisin aure za ta yi ritaya ƙarshen wata mai zuwa, shugabarmu ta ce ni za ta mayar can, har da ɗan ƙarin albashi. Kun san dai tun 2015 dokar ƙasar nan ta amince da auren jinsi, duk wanda ya zo da takardunsa a cike sai an ba shi.

Ranar Talata aka ce in zauna kusa da ita in ga yadda ake yi. Wajen sha ɗaya sai ga wasu mata biyu, dattijai, ɗaya tana dogara sanda, ɗayar ta rungumo fayil. Aka duba katin shaidarsu, aka shigar da sunaye, suka ɗaga hannun dama suka tabbatar abin da suka rubuta gaskiya ne, suka biya kuɗi, ta sa hannu ta buga hatimi. Duka bai kai minti sha biyar ba. Mai sandar har ta kalli hannuna ta ce lallen nan ya yi kyau, wa ya yi mini. Na yi mata murmushi na ce na gode, amma wallahi gabana faɗuwa yake, don na san wata mai zuwa sunana ne zai hau wannan layin.

Ban tsane su ba, ba su yi mini komai ba. Tsayuwata gaban Allah nake tsoro. Ga shi inshorar lafiyar gidan duk a kan aikina take, Baban Biyu babbar mota yake ja ta ƙashin kansa, Hassan kuma yana da asma. Hajiyata a Katsina ma duk wata tana sa ido. In karɓa ne, in ƙi, ko in ajiye aikin?

Ɗan Birni:

Wa alaikumus salam. Hajiya ai wannan ba abin dogon tunani ba ne. Ki ajiye musu aikinsu, wanda ya bar abu don Allah zai musanya masa da mafi alheri. Mu nan gida tun Janairun 2014 Jonathan ya sa hannu a doka, shekara 14 ce a gidan yari.

Antin Bronx:

Ɗan Birni, kana Kano kana ba da umarni. Ka taɓa ganin takardar kuɗin asibitin ƙasar nan ta kwana ɗaya? Dokar Najeriya kuma ina ruwanta da ofishin gunduma a Amurka? Ƙanwata kada ki rubuta takardar barin aiki cikin ɗimuwa. Tsaya ki ji masu sani tukuna.

Yaya Na-Marilan:

Ƙanwata sannu. Ni ba lauya ba ne, amma shekarata tara a ofishin lauyoyi ina haɗa musu takardu, bari in ba ki abin da na sani.

Duk wanda za ki kai wa maganar nan, Kim Davis zai fara ambata miki, gara ki san labarinta daidai. Ita ce magatakardar gundumar Rowan a jihar Kentaki. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin Obergefell, wanda ya halatta auren jinsi a duk ƙasar, ranar 26 ga Yuni, 2015, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, sai ta ce imaninta na Kirista bai yarda sunanta ya hau irin wannan takarda ba. Ta dakatar da bayar da lasisin aure gaba ɗaya, har ga mace da namiji, ta kuma hana mataimakanta bayarwa. Alƙali David Bunning ya umarce ta ta ci gaba da aiki, ta ƙi, ranar 3 ga Satumba ya tura ta gidan yari saboda raina kotu. Ta kwana biyar. Tana ciki mataimakanta suka ci gaba da bayarwa. A 2018 ta faɗi zaɓe. A 2023 aka yanke mata biyan diyyar dala 100,000 ga wasu maza biyu da ta hana, aka ɗora mata sama da dala 260,000 kuɗin lauyoyinsu. Ta kai kuka Kotun Ƙoli, a Nuwamban 2025 suka ƙi ko sauraronta.

Abin da nake so ki lura da shi: ba don ta ce "ni ba zan iya ba" aka kama ta ba. Ƙofar ofishin ta rufe wa mutane, alhali ofishin na gwamnati ne, ba na gidansu ba. Abin haushin ma, abin da take nema ya samu daga baya ta hanyar lalama, don a 2016 Kentaki ta yi doka ta cire sunan magatakarda daga takardar baki ɗaya.

Ke matsayinki daban ne. Ita zaɓaɓɓiya ce, ke ma'aikaciya ce da aka ɗauka, saboda haka sashe na bakwai na dokar 'yancin jama'a ta 1964 ya shafe ki. Dokar ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya nemo wa ma'aikaci sassauci a kan addininsa, sai fa idan yin hakan zai jawo wa wurin nauyi. A da ko ɗan ƙaramin nauyi ya ishe su hujjar ƙi. A Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta sauya wannan a shari'ar Gerald Groff, wani Kirista mai raba wasiƙu da ya ce ba ya aiki ranar Lahadi. Yanzu sai sun nuna nauyin babba ne na gaske.

Amma kada in yi miki daɗin baki. An yi wata mataimakiyar magatakarda a Indiyana da aka kora kan wannan maganar, ta kai ƙara, a 2016 kotu ta ba ta rashin gaskiya. Alƙalin ya ce aikinta duba takardu ne da shigar da bayani, ba ɗaura aure ba, ba sa albarka ba. Ita kuwa sai da takardar mutanen ta iso gabanta sannan ta ƙi. Ke kina da abin da ba ta da shi: ba a mayar da ke ba tukuna, kuma kujerarki ta yanzu tana nan.

Don haka ki rubuta, kada ki tsaya a maganar baka. Gajeriyar wasiƙa zuwa ga shugabarki da sashen kula da ma'aikata, ki ce saboda addininki kina roƙon a bar ki a ɓangaren filaye, kin haƙura da ƙarin albashin, kuma a shirye kike ki ɗauki wani aikin a madadinsa. Banda wa'azi, banda zagin kowa. Ki ajiye kwafi a gida. In kuna da ƙungiyar ƙwadago ki sanar da wakilinku, ki kuma kira CAIR, ƙungiyar kare haƙƙin Musulmin Amurka, suna da lauyoyi masu duba irin wannan. In abu ya ɓaci akwai hukumar EEOC mai karɓar koken nuna bambanci a wurin aiki, amma kai ƙara gare ta yana da wa'adi, kwana 180 ne, a jihohi da yawa 300.

Ɗan Damagaram:

Hajiya wace jiha kike? Ko a saƙo ki gaya wa Yaya Na-Marilan, don abin ya danganta. Mu nan Greensboro, Karolina ta Arewa, tun 2015 akwai dokar da ta ba ma'aikacin irin ofishinku dama ya janye saboda addini. Sharaɗin shi ne ka janye daga dukkan aure, ba ka zaɓi wanda za ka yi wa ba, kuma aƙalla wata shida. Ofishin kuma dole ya samo wanda zai yi wa mutane aikinsu. Jihar Yuta ma suna da makamanciyarta. Alabama su kam a 2019 suka soke lasisin ɗungurungum, ma'aurata su cike takarda su kawo a shigar, shi ke nan.

Malam Ƙarami:

Assalamu alaikum. 'Yata, Allah ya saka miki da alheri da kika damu, damuwar nan ita kanta alama ce mai kyau.

Hukuncin auren kansa ba shi ne abin tambaya ba, wannan a fili yake a wurinmu. Abin tambaya shi ne matsayin sa hannunki. Masu tsanantawa suna kafa hujja da aya ta 2 a Suratul Ma'ida, wadda ta hana taimakekeniya a kan saɓo, da hadisin riba da ke cikin Muslim, inda la'anar ba ta tsaya kan mai ci da mai bayarwa ba, ta haɗa da marubuci da shaidu. Sai su ce ga shi nan, alƙalami ma yana da nasa kason. Masu sassautawa kuma sukan ce wannan takarda ba ita ce aure a shari'a ba, babu waliyyi, babu sadaki, babu siga. Shaidar gwamnati ce cewa mutane biyu sun cika sharuɗɗan dokarta, kuma a taga ɗaya ake ba wanda ba shi da addini ma. Sukan kawo Annabi Yusuf, alaihis salam, da ya riƙe taskokin Masar ƙarƙashin sarkin da ba a kan addininsa yake ba.

Ni abin da zuciyata ta fi natsuwa da shi, tunda akwai hanyar kauce wa ba tare da kin rasa abincinki ba, ki bi ta. Allah ya ce mu ji tsoronsa gwargwadon ikonmu, kuma ikonki a yau ya kai ki rubuta wasiƙa. Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba: ki karɓi kujerar da ƙarin kuɗin, sannan in sun zo ki ce kwamfuta ta lalace ko ki ɓoye a bayi. Wannan ha'inci ne, kuma surar da ta hana taimakawa a kan saɓo ita ce ta buɗe da umarnin cika alkawari. In an ƙi roƙonki, ki ɗauki ainihin takardar ki kai wa malamin da ya san ƙasar, ya karanta abin da aka rubuta a saman layin sa hannun kafin ya ba ki fatawa. Ni daga nan ban gan ta ba.

'Yar Wusasa:

'Yar'uwa, ni Kirista ce, nas a Landan, kuma maganar nan ta taɓa mu a coci. An yi wata Lillian Ladele, mai rajistar aure a Islington, nan cikin Landan, ta ce ba za ta haɗa masu jinsi ɗaya ba. Ta yi ta shari'a har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, a 2013 ta faɗi. Ku a Amurka kuna da sarari fiye da mu, ki yi amfani da shi tun da wuri. Roƙona ɗaya: duk yadda ta kaya, kada ki bari wani ya ji kunya a gaban tagarki. Dattijuwar da ta yaba lallenki ba faɗa ta zo yi ba.

Autan Gida:

Anti ki yi haƙuri, ni yaro ne, kuma na san wasu za su ji haushina. A nan aka haife ni. Har zuwa 1967 akwai jihohin da baƙi ba ya auren farar fata, kuma alƙalin da ya hukunta Richard da Mildred Loving a jihar Bajiniya saboda irin wannan auren, da sunan Allah ya kafa hujja. A 2009 ma an yi wani jami'i a Luwiziyana da ya ƙi ɗaura wa baƙi da farar fata aure, sai da ya ajiye aiki. In aka ce kowane ma'aikaci ya duba zuciyarsa kafin ya yi maka aiki, mu masu hijabi da suna Muhammad mu za mu fara kwana a layi. Ban ce kada ki nemi a canza miki wuri ba, wannan haƙƙinki ne. Amma duk wanda ya zauna a tagar nan, na kowa ne.

Ɗan Birni:

Yaro, kada ka haɗa launin fata da abin da Allah ya haramta. Ba ɗaya ba ne.

Autan Gida:

A wurinmu ba ɗaya ba ne, Kawu. A wurin kotun da Anti za ta tsaya in an kai ta ƙara fa?

Antin Bronx:

To ya isa haka, ku bar mata zancen ta samu abin ɗauka.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta duka, har na Ɗan Birni, na san don Allah ya faɗa. Ɗan Damagaram, jiharmu ba ta cikin waɗanda ka lissafa, na tura wa Yaya sunanta.

Jiya da daddare muka zauna da Baban Biyu muka rubuta wasiƙar, layi bakwai. Shi da farko cewa ya yi in yi shiru in karɓi kuɗin, da na karanta masa maganar Malam ta ha'inci sai ya ja bakinsa. Yau da safe na miƙa. Shugabar ta karanta a tsaye, ta cire tabarau ta ce ba ta taɓa kawowa a ranta ba, ita ta ɗauka alheri take yi mini. Ta ce akwai wani a ɓangaren haraji da ya daɗe yana son tagar, za ta yi magana da na sama.

Sai dai ta kawo wani abu da ban shirya masa ba. Mu shida ne kawai a ofishin, kuma in mai tagar ya fita cin abincin rana ko ya ɗauki hutu, karɓa-karɓa ake yi, kowa yana da ranarsa. Ta ce ko an bar ni a filaye, wannan sa'a ɗayar fa? Na ce ta ba ni zuwa Litinin. Ina tunanin in ce zan riƙe wa mutum biyu layin waya da rufe asusun yamma, su kuma su riƙe mini tawa ranar. Yaya Na-Marilan, wannan ma a rubuce zan kai, ko in fara tuntuɓar abokan aikin nawa tukuna?