Danshi a gidan haya: wa zai gyara, mai gida ko ɗan haya?

Uwar yara, Tudun Jukun:
Salamu alaikum jama'a. Tun da markar Agusta ta kankama bangon ɗakina ya jiƙe daga ƙasa har kusan ƙugu. Fenti ya kumbura yana ɓarewa, wani farin gishiri-gishiri yana tsattsafowa. Jiya na ja durowa, sai ga bayanta baƙi ƙirin da funfuna, takalman sallar yara duk sun yi gashi. Autana kuma tari yake kwana yi. Na kai wa mai gida kuka, ya ce ai damina ce, in rani ya yi zai bushe. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, yaya aka ƙare?

Magini, Sabon Gari:
Hajiya, danshin da ya taso daga ƙasa ya tsaya wajen mita 1, ruwan ƙasa ne bulo yake sha, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Yawanci ba a shimfiɗa leda ba lokacin da aka zuba kankaren fandisho. Ko fenti nawa aka shafa, baɗi zai dawo. Wannan ciwon gini ne, na mai gini. Amma ki zagaya bayan ɗakin tukuna. An taɓa kirana wani gida a Muchiya ana ta rigima da mai gida, ina zuwa na tarar kwata ce ta toshe da ledar fiya wata da tokar murhu, ruwan wanke-wanke ya kwanta a gindin bango. Da shebur aka gama shari'ar.

Mai gidan haya, Samaru:
A yi mana adalci mu ma. Ɗakuna 6 gare ni, duk ɗalibai. Yaro zai toshe taga da kwali saboda sauro, ya dafa taliya a ciki, ya shanya jiƙaƙƙen wanki a kan igiya, katifa manne da bango. Tururin ina za shi? Sai kusurwa ta yi baƙi ya kira ni wai gida na yoyo. Yoyon kwano kam nawa ne, ban taɓa musu ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne a ga ɗigo tun Yuni a tara bokiti a yi shiru, sai silin ya rufto a Satumba. Ƙusa biyu da kwalta sun zama aikin kafinta na kwana uku.

Malamar firamare, Gyallesu:
Ni dai kada ki ciro ko sisi sai an rubuta. Mun canza kwano huɗu da kuɗinmu, Baba mai gida ya ce a cire a kuɗin shekara mai zuwa. Mutumin kirki ne, ko kunyar cewa ya sa hannu muka ji. Kafin shekara ta zagayo Allah ya yi masa rasuwa, magada suka ɗora ejan, ejan ya ce ina takarda? Sai gaban mai unguwa, da shaidar kafintan, aka yafe mana rabi. Rasit ɗin kwanon ma da ƙyar na gano shi cikin littafin darasi.

Ɗalibin ilmi, Kwarbai:
Mu a cikin birni soro ne, kowa ya san kafin ruwan fari ake yaɓe a gyara indararo, kuma mai gida ke yi. Sai dai a Mukhtasar na Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, ba a tilasta wa mai gida gyara. Idan aibin mai cutarwa ne, kamar yoyo, ɗan haya ke da zaɓi: ya tashi, ko ya zauna ya biya haya. Da na fara jin haka a zaure sai da na ce a maimaita min. Ki tambayi malaminku a kan naki, musamman kuɗin watannin da suka rage.

Uwar yara, Tudun Jukun:
Na gode, Allah ya saka. Na zagaya, kwata lafiya lau, amma ƙasar waje ta fi daɓen ɗakin tudu, maƙwabci ya yi ciko bara. Na ɗauki hotuna, mijina zai je wurin mai gidan da magini ranar Asabar. Auta dai na mayar da shimfiɗarsa falo.