Muhawara: man birki gyara robar mota yake ko ɓata ta?

Mai Corolla: Salam jama'a. Jiya na kai mota wanki, yaron ya ɗiga man birki a tsumma ya bi bamba da robobin gilas da na ƙofa ya goge, wlh nan take suka koma baƙi wuluk kamar ranar da aka sauko da ita daga Kwatano. Ni dai na yarda babu abin da ya kai man birki dawo da robar da rana ta koɗar, mai ja ya fito.

Oga Fenta: Ni ina da ja Alhaji, kuma don Allah ka ajiye wayar ka je ka duba ƙasan gilas inda roba ta haɗu da bodi. Man birki DOT 3 da DOT 4, wato nau'ukan da ake zuba wa yawancin motoci, cin fenti suke, in ya zauna sai fentin ya yi laushi ya kumbura ya fara ɓarewa, in ka ga ya zuba ka wanke da ruwa mai yawa yanzu ba sai gobe ba.

Direban Sharon: Haba Oga. Shekara nawa muna shafa shi a tasha, kullum ina kan hanyar Kano zuwa Kaduna kuma robar ƙofata ba ta taɓa yagewa ba, masu sayar da man gyaran roba na gwangwani ne kawai ke son mu sayi nasu.

Malam Bakanike: Ku tsaya, abu biyu kuke haɗawa. Akwai roba mai laushi ta bakin ƙofa da but da gilas, yawanci irin da ake kira EPDM ce, akwai kuma mai tauri ta bamba da bayan madubi da ƙasan waifa, wannan filastik ne da aka cuɗa da baƙin sinadari. A kan mai laushin direba yana da gaskiya, man birki ba ya cin ta, ai robobin da ke cikin birkin kansu irin ta ne kuma a cikinsa suke kwana suke tashi. Amma rashin ci daban gyara daban. Jiƙa ta kawai yake, shi kuma abu ne mai bin ruwa, wanki ɗaya ko ruwan sama ɗaya ya ɗauke shi, ina zai gangara? Kan fentin ƙofa.

Maman Ummi: To ni Alhamdulillah ban taɓa sa man birki ba, basilin nake shafa wa robar ƙofa duk wata, tunda ana shafa wa jarirai na ce ba zai cutar da roba ba.

Malam Bakanike: Hajiya ki yi haƙuri amma naki ya fi nasa illa ga robar. Basilin daga ɗanyen mai ake samo shi, ita kuma wannan roba ba ta shiri da duk dangin fetur, man juye ne ko gas ko kalanzir ko baƙin man da wasu ke shafawa, tsotse shi take a hankali ta kumbura ta saki jiki har ta daina kama bakin ƙofa. Shi ya sa in aka yi kuskure aka zuba man juye a tankin birki sai an canza robobin gaba ɗaya.

Maman Ummi: Subhanallah, ashe shi ya sa ta baya take manne wa ƙofa in an buɗe da rana.

Direban Sharon: To bamba fa? Nan ai babu fenti a jiki. Wasu ma wuta suke nuna masa da hita kuma yana baƙi.

Oga Fenta: Yana baƙi na ɗan lokaci, saboda zafin narkar da fatar sama yake, in aka maimaita sai bamban ya bushe ya yi dabbare-dabbare, ƙaramin karo ya tsage. Kuma duk abu mai maiƙo da ka shafa ka jira hunturu, ƙura za ta bi ta manne ya koma ja-ja, ka zo gogewa ƙurar ta kankare shi.

Mai Corolla: To ku faɗa mana abin yi mana, kun hana wannan kun hana wancan.

Malam Bakanike: Fara da wanki, ruwa da sabulun mota da tsohon buroshin haƙori, a bi lungun robar a fitar da ƙasar da ta maƙale, rabin farin da kake gani ma datti ne da busasshen omo. A bari ta bushe sarai sannan a shafa man silikon kaɗan da tsumma, in babu a sayi gilisirin a kemis, shi ma ba ya kumbura ta sai dai ruwa na wanke shi da wuri. Wadda ta riga ta tsattsage kuma ba man da zai haɗe ta, sai kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa a Kano a nemo wata.

Oga Fenta: Na yarda da silikon amma a tsumma za a fesa ba a jikin mota ba, kuma in za ku kawo feshi ku gaya mana kun sa, don in ya taɓa bodi sabon fenti ƙin kamawa yake ya yi ramuka ƙanana-ƙanana. Shi kuma bamba rana ce ta ƙona samansa, mai ba zai dawo da launin ba, akwai sinadarai masu rina shi kamar Solution Finish da masu rufe shi kamar Cerakote, su ne ke daɗewa in an wanke wurin tas kafin a sa. Sannan a nemi rumfa, motar da ke wuni a fili a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40 komai ka shafa sai ta sake koɗewa.

Direban Sharon: Ni fa a bamba ba zan daina ba, kuɗin waɗancan ya fi ƙarfina, amma na ji maganar fenti, ba zan ƙara kai shi kusa da ƙofa ba.

Mai Corolla: Na je na duba yanzu, akwai layi biyu da suka gangaro a ƙofar direba, na wanke amma wurin ya ɗan dushe. Oga Fenta folish zai ɗauke shi ko sai na kawo maka ka gani?